Inda Na Ja Numfashi

A Valparaíso, a ɗakin saman gidan burodi,
mu uku muke haɗuwa ran Talata.
Eladio da jitarsa mai tsagaggen ciki,
Baltazar da littafinsa da kofi ya ɓata,
ni kuwa hannu rabbana nake hawa matakala,
maƙogwarona ne kaɗai kayan aikina.

Baltazar ya miƙo baiti a kan wata uwa
da ɗanta ya bi jirgin kamun kifi.
Kalmomi ne masu kyau, amma a kwance suke
kamar kifi a teburin kasuwa,
ido buɗe, babu motsi.
Eladio ya taɓa tsirkiya, ya jera amo huɗu,
ya ce, "Fresia, na share hanya, sai ki bi."

Na bi. Sau uku ina bi.
A na huɗu ƙafata ta kauce.
Wurin kalmar "dawo" ya so in sauka,
muryata ta ƙi, ta hau,
ta tsaya can sama tana makyarkyata
har Eladio ya ɗaga yatsunsa yana kallona.

Ba ƙirƙira na yi ba, tunawa na yi.
Haka mahaifiyata ke kiran ƙanena Aurelio
daga taga in rana ta faɗa teku,
ta ja gaɓar ƙarshe, ta ja ta,
ta tsallake rufin kwano ashirin,
ta gangara tudu ta kamo shi ta kunne
a bakin tashar jiragen ruwa.

Tsakiyar baiti na uku na yi shiru,
ba don gwaninta ba, iska ce ta ƙare mini.
Baltazar ya soke kalmomi biyu yana ƙunƙuni,
ya ce na yanke wa ɗansa yatsu.
Mako ya zagayo, shi da bakinsa ya ce
ramin nan ya fi abin da ya cike shi.
Amshin kuwa daga mai sayar da gas na tsinto,
wanda ke dukan tukwanensa da ƙarfe a layinmu,
uku da sauri, ɗaya a makare.

Sai ga takardar rajista ta zo.
Gurbi biyu ne: mai kalmomi, mai kiɗa.
Eladio ya ce, ba da mugun nufi ba,
"Gini nawa ne, ke fenti kika shafa."
Na ce, "To, kaɗa ginin naka mu ji."
Ya kaɗa. Amo huɗu suka zagaya ɗaki
kamar baƙi masu neman ƙofa.
Waƙa ɗari za ta iya kwana a cikinsu,
tamu ba ta nan.

Babu wanda ya sa hannu ranar.
Muka sauko, warin yisti na bin rigunanmu,
kowa na kallon takalminsa.

Can a kwanar da keken hawa tudu ke tsayawa
wata mata na shanya zanen gado a baranda,
maƙalen shanya biyu a bakinta,
ba kalma, ba jita,
hanci kawai take rerawa da shi.
Ranar Asabar ta ji mu a mashaya, ina zato.
Ta zo wurin "dawo", ta hau.
Ta zo inda iska ta ƙare mini, ta tsaya,
ta ja numfashi daidai inda na ja,
ita da huhunta lafiya lau.

Baltazar ya cire hula ya sosa ƙeya.
Eladio ya gyara igiyar jita a kafaɗa,
ya ce, "Ta ɗan yi ƙasa da rabin amo."

Takardar tana nan ƙarƙashin gwangwanin sukari.
Wani ya ja layi na uku da fensir,
bai rubuta komai a kai ba tukuna.
Talata mai zuwa zan tafi da biro.